Jini a Bakin Ludayi

Matso kusa, gyara zama, ka ji abin da ya sa har yau wan maigidana ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Gonarmu tana gindin duwatsu, bayan Ruwan Godiya. Da kaka ne, ana kwasar dawa. Malam, maigidan nawa, ya sunkuya zai ɗaga dami, sai ya ji wannan ƙarar, kamar an yarfa ruwa cikin tafasasshen mai. Kububuwa ce. 'Yar abu, launin tsakuwa, in ta kwanta cikin duwatsu sai ka rantse babu komai a wurin. Kafin ya janye ta sare shi a bayan hannu.

Da ƙafarsa ya dawo gida, har da raha. Mu nan ba a kiran sunanta, sai a ce igiya ta taɓa wane. Kuma mun taso mun ji ana cewa dafi ba ya shiri da allura, in suka haɗu a jiki shi ke nan. Don haka wan nasa, Alhaji, ya sa aka ɗaure damtsen, aka tsaga wurin, aka jiƙa saiwoyi.

Washegari da hantsi na dama wa Malam fura. Da ya sha ya miƙo min, sai na ga ja a bakin ludayin. Tsagar jiya ma ba ta daina tsattsafowa ba.

Na ce, "Alhaji, jini ne fa a bakin Malam."

"Goro ne."

"Wane goro? Ni ke ajiye mashi, tun jiya bai taɓa ba."

"Ke! Yaushe kika zama likita? Koma ɗaki."

"Zan koma, Alhaji. Hijabi zan ɗauko."

Ni da ko kasuwar Sheme sai dai in ji labarinta a bakin masu dawowa, ranar na fita bakin titi ni kaɗai, takalmi wari da wari. Na tsaya gaban wata a-kori-kura mai ɗauke da masara har ta ci birki. Direban ya leƙo a fusace.

"Hajiya, mutuwa kike nema?"

"Ita nake kora. Kububuwa ta sari mijina!"

Da sunanta na faɗa, da ƙarfi, har mazan da ke zaure suka ji.

Direban ya yarda zai kai mu asibiti, na koma in fito da Malam, sai Alhaji ya tare ƙofa. Ya ce wa ƙanensa, "In ka bi mace, babu ruwana." Malam ya dube shi, ya dube ni, ya tofar da yawu a ƙasa. Ya daɗe yana kallon abin da ya tofar. Sannan ya miƙe.

A asibiti suka ɗebi jininsa a 'yar kwalba suka ajiye. Muka zauna muna kallo, ya ƙi daskarewa, sai ka ce zoɓo. Suka kwance ɗaurin suna ta faɗa, suka sa masa maganin dafin ta jijiya. Kafin la'asar dasashin ya daina zuba.

Ga shi can yanzu yana gyaran rumbu, yatsa ɗaya ne kawai ba ya lanƙwasuwa. Alhaji kuwa ya kafe saiwoyinsa ne suka yi aiki, ni kuma na kunyata shi gaban maza, sai na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Tuwo dai ina aika masa, da man shanu ma. Amma kai da ka ji komai, haƙurin me zan ba shi?