Wuyan Baƙin Babur

Ranar da muka je zaɓen babur ɗin, wuni aka yi ana ruwa, irin yayyafin nan da ba ya tsananta, ba ya kuma ɗaukewa. Kwatar gaban shagonmu ta cika har ta tumbatsa, mai facin da ke maƙwabtaka da mu ya tattara kayansa ya raɓe a rumfa yana ta mita. Ni na so mu bari sai gobe. Yaya ya ce injin da ya yi magana mai kyau a ranar danshi shi ne injin gaskiya, don haka yau za mu je.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara biyar. A layinmu ba mai kiran sunansa, Mai Kunne ake ce masa. Tun muna gida, lokacin da mahaifinmu ke da injin niƙa, wata rana yana kwance a ɗaki ya ce wa Baba akwai abin da ke shirin karyewa a cikin injin. Baba ya daka masa tsawa. Bayan kwana biyu injin ya tsaya cak. Daga ranar ba a sake aikensa ɗibar ruwa ba, ni aka koma aika.

Da ya ƙware a gyaran babur ya buɗe shago, ya jawo ni, ya ba ni kusurwar baya inda na kafa injin walda. Shekara arba'in da uku muka yi a haka. Shi yana gaba, da doguwar sukudirebarsa wadda yake dafa bakinta a jikin inji ya kanga mariƙin a kunne, ya lumshe ido kamar likita. Ko rediyo ba ya yarda a kunna a shagon. Ni ina baya da ƙarafa. Duk abin da ya shafi inji nasa ne, duk abin da ya shafi firam, wato ƙarfen da ke riƙe da jikin babur, nawa ne, kuma ba wanda ke leƙa aikin ɗan'uwansa. In aka kawo babur da ya yi haɗari, ni ke miƙe shi har ya tsaya sambal, shi ya tayar da shi, mai babur ya tafi yana shi wa Mai Kunne albarka. Ni sunana a bakin mutane ƙanin Mai Kunne, a gida kuma Auta. Matar Yaya har yau Auta mai furfura take ce mini.

Ban taɓa faɗa wa kowa abin yana cina ba. Amma yana ci.

Yaya bai taɓa mallakar babur na kirki ba. Ya aurar da 'ya'ya mata biyar yana hawa ragowar abin da masu shi suka gaji da shi. Da ya doshi saba'in sai ya ce kafin hannunsa ya fara rawa, zai nemo tsohon babur irin na zamanin samartakarmu, ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya gina shi yadda ransa ke so. Ba na sayarwa ba, na kansa. Wata shida yana cigiya, ya duba ya kai goma, duk ya ce ƙarya suke yi masa. Sai muka ji labarin wani tsohon malamin asibiti da ya rasu ya bar babura uku a ɗakin ajiya, 'yarsa na son rabuwa da su.

Muka isa a jiƙe. Matar ta fito da kujera guda ɗaya ta ajiye wa Yaya, ta ce mahaifinta ya sha faɗa cewa in za a sayar da su, Mai Kunne za a fara kira. Sannan ta dube ni ta ce don Allah in kawar da kwalayen da ke bakin ƙofa. Na kawar. Ta tambayi Yaya ko ni ne mai ɗaukar masa kaya.

"Ƙanina ne," in ji shi, idonsa na kan baburan. "Yana ɗan taɓa walda."

Na san ba da wata manufa ya faɗa ba. Hankalinsa ya riga ya tafi. Amma ban manta maganar ba.

Na farko ja ne, mai ƙaton tanki, shi ya fi ɗaukar ido. Yaya ya cire fulogi, ya toshe ramin da babban yatsa, ya ce in taka kik. Na taka. Ya taɓe baki ya ce wannan numfashinsa ya ƙare, kwalliya ce kawai. Na biyu shuɗi ne, ɓeraye sun cinye kujerarsa, ruwa ya shiga injin ya daskare. Ni shi na so, don firam ɗinsa ko kwarzane babu, amma ba a tambaye ni ba. Na uku baƙi ne, siriri, an jingine shi a bango an rufe da tsohon bargo. Yaya ya zuba masa ɗan fetur, muka yi ta taka kik har na fara haki, sai ya kama. Ya yi tari sau biyu, ya daidaita. Yaya ya dafa sukudireba, ya lumshe ido, na ga bakinsa yana motsi. Rabona da ganin fuskarsa haka tun ranar da aka haifa masa 'yar fari.

Ni kuma na riga na ga abin da na gani. Tayar baya ta cinye ta gefe ɗaya. A wuyan firam, daidai ƙarƙashin tanki, fenti ya yi kauri ya yi ƙuraje, alamar an taɓa ƙona wurin an rufe. Akwai zaren da nake ɗaurawa daga tayar baya zuwa ta gaba in ga ko suna kan layi ɗaya, yana aljihuna. Aikin minti biyar ne. Na sa hannu na taɓa shi, na bar shi inda yake.

"Auta, ka duba ɓangarenka?"

"Na duba."

Bai ƙara tambaya ba, don a shekara arba'in da uku bai taɓa buƙatar ƙarawa ba. Aka daidaita da matar, muka tura baƙin babur cikin ruwa har shago.

A raina na ce gobe zan faɗa masa. So nake ya kwana ɗaya tak da kuskure, in zo da safe in nuna masa cewa kunne kaɗai ba ya yin babur. Gobe ta yi, na same shi ya riga ya kwance inji, mutanen layi sun kewaye shi suna yaba zaɓinsa. Mai faci yana cewa ko a cikin buhu aka ɓoye inji, Mai Kunne zai gane na kirki. Sai na ce bari su gama yabon tukuna.

Wata bakwai aikin ya ci. Yaya ya sake fistin da ringi, ya wanke kafireta a kwanon girkin matarsa, ta biyo shi har shago tana cewa in ya ga dama gobe ya zo ya dafa taya su ci. Ya rage tsawon salansa don ya sami muryar da yake so, ya sa aka ɗinka siririyar kujera ta fata mai ruwan ƙasa, tanki ya koma kore mai duhu. Ni ya miƙo wa firam tsirara ya ce in kankare in fenta. Da na kankare wuyan, abin ya fi yadda na zata. Babur ɗin ya taɓa cin karo, wani mai gaggawa ya daddaki wuyan da guduma, ya ɗiga walda sama-sama, ya cike da fila, ƙullun nan da ake shafawa a rufe lotsawar ƙarfe. Akwai tsaga siririya kamar gashi a ƙasan ɗinkin.

Na zauna ina kallonta har ƙarfen ya yi sanyi a hannuna. In na yi magana yanzu, zai tambaye ni yadda aka yi ban gani ba ranar, alhali na ce na duba. Ko dai in zama wanda bai iya aikinsa ba, ko in zama wanda ya yi wa yayansa ƙarya. Daga gaba ina jiyo shi yana yi wa wani bayanin fistin, ana ta cewa kai, Mai Kunne. Na ɗauki buroshi na shafe wurin da baƙin fenti. Ban taɓa yin fenti mai kyau kamar wannan ba.

Daga nan abinci ya daina yi mini daɗi. Matar Yaya ta ce Auta mai furfura ya rame, ko walda ce ta fara cin mai ita.

Ranar gwaji Asabar ce da hantsi. Yaya ya sa wankakkiyar riga, ya fito da babur bakin titi. Mai faci, mai kayan gyara da direbobin da ke jiran aiki duk suka taso. Ya taka kik sau ɗaya, babur ya kama da wata murya mai kauri, har mai faci ya cire hularsa. Yaya ya ce zai bi babban titi ya kai gada ya dawo, don ya ji shi a giya ta ƙarshe. Na san titin. Kafin gada akwai gangara, a ƙarshenta akwai ramuka, kuma na san abin da tsaga ke yi in ta haɗu da rami. Ƙugun Yaya kuwa ko faɗuwa daga kan benci ba zai ɗauka ba.

Ya ɗaga ƙafa zai hau, na riƙe kan babur ɗin.

"Yaya, kada ka hau," na ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. "Wuyan a tsage yake."

Ya dube ni. Injin na ta bugawa a tsakaninmu.

"Yaushe ka gani?"

"Tun a ɗakin matar."

Ya daɗe yana kallona, har mai faci ya ce ko addu'ar tafiya muke yi. Sai Yaya ya sunkuya ya kanga kunne a jikin inji, ya girgiza kai, ya kashe shi. Ya juya ya ce wa jama'a su yi haƙuri, ya ji wani ɗan ƙara a ciki da bai gamsu da shi ba, kuskurensa ne, sai ya sake buɗewa. Mai faci ya yi ta dariya yana cewa yau kunne ya tsufa. Yaya ya bar shi ya yi.

Ba abin da ke damun injin nan. A gaban mutanen da suka yi shekara arba'in suna yabonsa ya ɗora wa kansa laifi don kada a ji nawa. Ya kamata in ji kunya, kuma na ji. Amma gaskiya ita ce har da wani abu a ƙarƙashin kunyar, don na ga ko a nan ma ya fi ni.

Da hannunsa ya sake kwance babur ɗin gaba ɗaya, aikin wata bakwai, ya jera a kan tabarma. Ya kawo mini firam ya ajiye. Sannan ya jawo benci ya shigo kusurwata ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Mako uku na yi. Na yanke wuyan, na samo bututu mai kauri, na ɗaure firam a kan teburin ƙarfe ina ƙonawa ina aunawa, ina bari ya huce don kansa. Shi yana zaune yana kallo, ba ya ce mini uffan sai gaisuwa. A mako na uku ya tambaye ni dalilin da ya sa nake ɗiga walda nan da can kafin in ɗinke gaba ɗaya. Na ce don kada zafi ya ja ƙarfen gefe guda. Ya gyaɗa kai ya ce ashe. Bai taɓa tambayata dalilin abin da na yi masa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, kuma ban san ko ya faɗa wa matarsa ba.

Ya hau babur ɗin shekara biyu, kullum daga gida zuwa shago, wani lokaci har gada. Yanzu shekararsa saba'in da huɗu, ƙugu ya hana shi hawa. Yana zaune a gidan babbar 'yarsa shi da matarsa, surukinsa na kawo shi shago a mota sau biyu a mako. Babur ɗin yana shago, a kusurwar baya.