Tururuwa a Cikin Nonon Inna

Har yau in na ji ƙanshin man kaɗe a kan wuta sai in tuna da ƙanena mai bi mini.

Muna Katanga lokacin, ba a daɗe da raba jiharmu da Sakkwato ba. Da ruwan damina ya sauka yara sai tsalle a tsakar gida, shi kuwa sai kwanciya, yana ihun hannuwa da ƙafafu, idanunsa sun yi ɗorawa-ɗorawa. Inna ta narka man kaɗe a murfin kwano ta yi ta murza masa, kansa na bisa cinyata. Ni kuwa ƙatuwa ce, sauro ya cije ni har ya gaji, zazzaɓi bai taɓa kayar da ni kwana biyu ba. Kakarmu ta wajen uba kan ce na cinye lafiyar gidan kamar yadda nake cinye tuwonsa.

Tunda ƙashi yake kuka da shi, ina za a kai shi in ba Aliero ba, garin masu ɗori? Baba ya ɗora shi bisa buhunan albasa a motar kasuwa. Tsohon maɗorin ya lallatsa shi tun daga wuya har diddige, ya ce, "Malam, ƙashin yaron ga lahiya lau shike. Wanga ba aikina ba na."

Da suka dawo kaka ta yanke hukunci: in ba ƙashi ba ne, to abin da ya tsotsa ne. Dama 'ya'ya biyu sun rasu wa Inna kafin ni, ga kuma jaririya a bayanta. Ka san yadda ake gwada nono a wurinmu? A tatsa a ludayi, a jefa tururuwa. In ta fita, nonon lafiyayye ne. In ta mutu, mugu ne. Muka kewaye ludayin, matan gida duka. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ina roƙon Allah a zuci ta kama gefe. Ba ta kama ba.

Ranar aka cire jaririyar daga nono aka koma ba ta madarar akuya. Ba ta kai lokacin girbi ba ta rasu. Ƙanena ya bi ta damina ta gaba. Ba wanda ya zagi Inna, gaskiya, amma tun daga nan ko jaririn maƙwabta ba ta ƙara ɗauka ba.

Sai da zan yi aure, aka gwada jinina a asibiti a Jega, likita ya zaunar da ni. Da na ba shi labarin ƙanena ya ce sikila ce, kuma ba a tsotsar ta a nono. Gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wanda ya haɗa biyun shi ke ciwon. Wanda ya ɗauki rabi ɗaya irina, wannan rabin har kare shi yake daga mugun zazzaɓin sauro. Wato abin da ya kashe ɗan'uwana shi ya yi ta tsare ni. Na yi kuka a ofishin nan kamar ranar da aka binne shi.

Yanzu yara kan yi gwajin nan kafin a sa rana, ba wanda ke neman tururuwa. Ni dai ranar daga asibiti ko'ina ban biya ba, na wuce Katanga. Na samu Inna tana tsince gero, na zayyana mata komai. Ta ɗago ta ce:

"Kin ce rabi na Babanku na?"

Na ce eh.

"To kak ki hwaɗa mai. Ni na saba da kayan ga, shi ba ya iyawa."

Shekara shida Baba ya ƙara a duniya, ban faɗa masa ba.