Jirgi Ya Tura, Ba Mutum Ba

A da, in aka ce tafinta ya faɗi magana a kotu, to ta zauna. Yanzu alƙali da lauya da mai laifi duk suna jin harshen juna, wani ma har ya gyara maka. A wancan zamani kuwa bakin mutum guda ne gadar kowa. Ni na yi wannan aiki, kuma akwai shari'a ɗaya da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina tafinta a babbar kotun lardinmu, ina kuma ji da kaina. Na zauna Kwatano, na zauna Kumasi, na yi fatauci har Yamai. Turanci, Faransanci, Fillanci, Dandanci, duk ina juya su. Ba a taɓa mayar mini da magana ba.

Sai aka kawo ƙarar wasu 'yan kwalejin horon malamai su biyu, 'yan ƙasarmu ta Bagudo. Sun taho hutu, sun zo mashigin Kwara, ruwa ya kawo. Ɗaya ya faɗa kogi ya nutse, aka kama ɗayan. Abokansu sun shaida cewa kwana uku kafin nan sun yi faɗa a makaranta kan muƙamin shugaban ɗalibai, har da cin kwala.

Wanda ya ga abin da idonsa mutum ɗaya ne, tsohon mai fito, Badande daga tsallaken Dahome. Aka tambaye shi abin da ya gani, ya ba da amsa da Dandanci, gajeriya. Na juya wa alƙali Bature da Turanci cewa wanda ake tuhuma ya tura mamacin, ya faɗa ruwa.

Ɗalibin ya miƙe ya ce jirgi ya tura, ba mutum ba. Alƙali ya dube ni, ya tambaya ko ina da shakka. Na ce ba ni da ita. A raina na ce wayon 'yan boko ne. Aka yanke masa hukuncin rataya, tsoho ya koma garinsu, ni kuma na tafi cin abincin rana.

Lauyan ɗalibin ya ɗaukaka ƙara. Ana jiran ranar zama na sami hutu, na nufi gida. A mashigin nan na tsaya gaisawa da mutane har jirgi ya cika, na zama na ƙarshe. Mai tuƙi ya dube ni da kwat ɗina da takalmina, ya ce, "Malam, tura shi ka shigo."

Na tura. Sai da muka kai tsakiyar kogi na ji abin da ya ce.

Al'adar mashigi ce da na sani tun ina yaro: wanda ya zo ƙarshe shi ke ture jirgi daga gaɓa ya faɗa ciki. Dandanci kuwa kalma ɗaya yake da ita ga namiji da mace da jirgi da jaki. Hausa ma ba ta cece ni ba, don jirgi namiji ne. Da Bafillace ne shaidan, da ba a yi haka ba, domin a Fillanci ta jirgi daban, ta mutum daban. Turanci shi ne ya ce lalle sai na zaɓa, ni kuma na zaɓa ban tambayi kowa ba.

Washegari na tsallaka iyaka, na sami tsohon yana ɗinkin taru a gindin tsamiya. Muka gaisa. Na ce, "Baba, ranar nan, wa yaron ya tura?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wa kuma? Ka ce mi ya tura."

Ya ce mamacin na tsaye a bakin jirgi yana gyara akwatinsa, an ce ya zauna bai zauna ba. Ɗayan ya turo jirgi da ƙarfi irin na samari, wannan ya tangaɗe ya faɗa. Na tambaye shi me ya sa bai yi wannan bayani a kotu ba. Ya ce tambaya ɗaya aka yi masa, kuma ya ga ni mai ilimi ne.

Sai da na yi kwana biyu ina lallashinsa kafin ya yarda ya sake taka ƙasarmu, ƙasar Ingilishi kamar yadda yake kiranta har lokacin. Muka yi takardar rantsuwa, ni da shi. A kotun ɗaukaka ƙara na tsaya a akwatin shaida, wani tafinta yana juya maganar tsohon. Babban alƙali ya tambaye ni harsuna nawa nake ji. Na ce huɗu ban da Hausa. Ya rubuta.

Aka soke hukuncin, aka saki ɗalibin bayan ya yi wata da watanni yana jiran igiya. Bai koma kwaleji ba. Ya yi noma a wajen Zagga har ya tsufa. In mun haɗu a kasuwa yakan gaishe ni yadda ake gai da babba, ya cika gaisuwar, ya wuce. Bai taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Ni kuwa ban jira an sallame ni ba, na ajiye aikin na koma fatauci. Abin da na koya shi ne, jin harshe daban, jin magana daban. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini "shi", sai na tsayar da shi na tambaya: wa, ko mi?