Ruwan Ƙarshe a Filin Kabtin Mukhtaru

Da an idar da sallar la'asar, Kabtin Mukhtaru zai jawo tiyo daga ɗakin ajiya ya fara ba filin ƙwallo ruwa. Babu ko ƙwayar ciyawa a filin. Ƙasa ce da tsakuwa, a bayan wata kwalejin koyon sana'a da ke gefen unguwar Zahir a Makka. Masu wucewa kan tsokane shi, wai tsoho na jiran fili ya tsiro. Shi kuwa ya san ƙasar Makka: in ba ta jiƙe ba, duk wanda ya faɗi a kanta sai ya bar mata fatar gwiwarsa. Fiye da shekara talatin yana horar da ɗaliban kwalejin, bai taɓa hura usur a kan busasshiyar ƙasa ba.

Kofuna? Kada ma ku tambaya. Guda ɗaya ne, shi ma matarsa Ruƙayyatu dabino take zubawa a ciki. Amma ku je unguwar Mansur ku tambayi Bandar mai gyaran firji. Zai gaya muku yadda ya watsar da karatu ya koma zaman bakin titi, Kabtin ya riƙa zuwa ƙofar gidansu kowace safiya ya zauna yana jiransa, har kunya ta mayar da shi aji. Dokarsa ɗaya ce: wanda bai shiga aji ba, ba ya taɓa ƙwallo, ko da shi ne mai ci musu ƙwallayen.

Kai ne uban da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, Kabtin. Kai ka ɗauki masu targaɗe a bayanka zuwa bakin titi, yau bayan naka ne ba ya miƙewa.

Bana hukumar kwalejin ta ce ya huta, filin kuma za a zuba masa kwalta ya zama wurin ajiye motocin alhazai. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar masa Juma'a guda tsofaffin yaransa su dawo su buga wasan ban kwana. Aka ba shi ta ƙarshen Zulƙida, daidai lokacin da alhazai ke kwararowa, kowa a Makka ya duƙufa neman na shekara.

Ruƙayyatu ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Ya Abu Manal, a wannan lokacin? Wallahi ko ɗan'uwanka ba ka gani."

Ya ce, "Yarana ne. Za su zo."

Ranar ya jiƙa filin tun daga wannan raga har waccan. Sai waya ta fara ƙara. Wannan yana hanyar Jidda da fasinja, wancan yana tura keken marasa ƙarfi a Harami. Kowa da uzurinsa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Abin da ya fi ciwo ke nan, babu wanda za a zarga. Mutum huɗu suka zo.

Bandar ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ma'alesh, sai haƙuri, ya Kabtin. Mu huɗu ne."

Kabtin ya ce, "Na gani. Yalla, ku shiga, kada ƙasar ta bushe."

Ya hura usur. Manya huɗu masu tumbi suka yi ta haki a filin mutum ashirin da biyu, shi kuma yana tsaye yana daka musu tsawa kamar da.

Mun gode, Kabtin, ko da yake godiyar ta zo a makare. Allah Ya saka maka. Wanda duk yake da dattijo irinsa, ya je ya gaishe shi tun yana da filin da za a same shi, ya kuma koyi jiƙa wa 'ya'yan wasu ƙasa kafin su faɗi.

Washegari aka zuba kwaltar. Ruƙayyatu ta ce har yanzu da an idar da la'asar yakan miƙe ya nemi takalmansa, sai ya tuna, ya koma ya zauna.