Akuyar da ta hau rufin rumbu

A Tsarnawa, lokacin ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, da an ci tuwo sai kakarmu Iya Hajo ta zauna bakin murhu da ƙwaryar wake, mu kewaye ta muna ɓara. Ba ta ba da tatsuniya ga mai hannu banza. Ka daina ɓara, ta daina magana. Ni ce ragguwar gidan, ni na fi shan harara.

Akwai guda da nake sa ta maimaita. Wai wata damina kogin Magiya ya cika ya shiga gari, ya ɗauke rufin rumbun wani mutum mai suna Tanko. Da safe aka tsinci rufin can gangare, da kaji uku da akuya a kansa. Tanko ya ce rufinsa ne, don haka duk abin da ke kai nasa ne. Wata tsohuwa ta ce akuyar tata ce, ita ke nan gare ta. Ta roƙi mai gari a sauke su, a zuba musu ido har magariba. Kaji suka bi Tanko. Akuya ta miƙe sai ƙofar tsohuwa.

"To Iya, mi ya kai ta bisa rufin?" in ji ni.

"Ke Rabi, ruwa na cin ki, tsayawa za ki yi tambayar mai rufi? Ɓari wakenki."

Yau a ɗakin bincike nake aiki. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da siririyar fata ta maiƙo, kuma a cikin fatar akwai wuraren da maiƙon ya dunƙule, wasu sinadarai da ake kira furotin na zaune a kansu. Aikina shi ne gano su wane ne mazaunan. Mukan narkar da fatar da wani irin sabulu mai sanyi, mu juya ta a inji, dunƙulen su taso sama, mu rubuta sunan duk furotin da ya taso tare da su.

Akwai furotin ɗaya da na daɗe ina bi. Ya taso, na gina rabin kundin digirina a kansa, ina ta murna. Saura in miƙa wa malamina, sai akuyar nan ta faɗo mini a rai. Wallahi ban so ba. Na sake gwaji, na zare kolestarol, maiƙon da ke riƙe dunƙulen. Mazaunan gaskiya duk suka nutse. Nawa ya taso abinsa. Ashe wankin sabulun da na yi ne ya haɗa shi hanya da dunƙulen, kamar akuya da rufi.

Na soke sunansa, na yi ɗan kukana. Sunayen da suka rage kaɗan ne, amma ina iya tsayawa a kansu gaban kowa.

Da na je gida hutu na kwashe labarin na gaya wa Iya. Furotin dai bai shiga kanta ba. Ta ce, "An dai maida ma tsohuwa akuyarta?"

Na ce an mayar. Sai ta turo mini ƙwaryar wake.