Taƙi Uku Da Yatsa Biyu

Ina tsaye a bayan ƙofa ina auna kwat ɗinsa da hannu sai na ji makulli ya juya. Matarsa ce ta dawo daga aiki, lemarta na ɗiga.

"Mama, me kike nema a aljihun ɗanki?"

"Ƙura nake kakkaɓewa," na ce.

"A Manchester? Ina ƙura ta ga wurin zama, kullum ruwa?"

Na koma ɗaki ina maimaita awon a raina kar ya gudu. Faɗin baya taƙi uku, hannu taƙi huɗu. Na rubuta a bayan takardar GP, likitan unguwa. Rubutun nawa ba kyau, na sani. Da furfura a kaina na koye shi, a ajin manya, don haka wanda bai iya karantawa ba ya bari.

Bari in gaya muku abin da ya sa tsohuwa take auna riga a ɓoye kamar ɓarauniya. Mai kwat ɗin ɗana ne na fari. Likita ne. Shekararsa hamsin da wani abu, kuma ban taɓa kiran sunansa ba. A wurinmu ba a yi. Ɗan fari ba ka kallonsa a gaban mutane, ba ka yi masa wasa, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi. Shi ma Hajiya yake ce mini, kamar yadda yake ce wa kowace tsohuwa a asibiti.

Shekara uku ina gidansa a Whalley Range, flat a hawa na biyu. A farkon sanyin nan suka zauna shi da ƙanwarsa a waya suka yanke cewa gwiwata ba ta iya matakala, in sanyi ya wuce zan koma wurinta a Birmingham, Selly Oak, gidan ƙasa. Ba su tambaye ni ba. Gaskiya suka faɗa game da gwiwar. Suka ce ai ba nisa, zai riƙa zuwa. Na san zuwan likita. Shi ya sa na ce kafin in fita gidan nan sai na bar masa abu ɗaya da ya fito daga hannuna.

Sanyin ƙasar nan ba sanyin ne ke damuna ba, akwai hita. Shirun ne. Su fita da duhu, su dawo da duhu. Azahar, la'asar, magariba, duk a kan juna, alwala ɗaya ta ishe ni. Bishiyar da ke gaban tagata ba ganye ko ɗaya. In bas ta wuce in ɗaga kai, in ta wuce in sunkuyar. Wani lokaci har yamma ban yi magana da kowa ba sai ulu, in idon saƙa ya zame in zage shi.

Sai in tuna ɗakin kakata. Bayan an gama cirar auduga, da safe muna zagaye da kaskon wuta, ita tana kaɗi. Mazari na juyawa a cikin ƙoƙo, yatsunta fari fat da alli, ɗakin na warin hayaƙi da man shanu. Ba ta da yawan magana. In za a yanka mini zane sai ta jawo ni, ta ɗora babban yatsa a ƙuguna, ta miƙa na tsakiya, ta tafi da shi har idon sawu tana ƙirgawa a hankali. Taƙi ke nan. Hannunta kaushi gare shi, amma da ɗumi.

Wata rana na tsinci kara a tsakar gida, na ce wa ƙanena ya kwanta in auna shi, wasa muke yi. Ban san lokacin da ta taso ba, sai mari na ji. Ta karya karan biyu ta jefa a wuta.

"Gawa ake aunawa da kara," ta ce. "Mai rai da hannu ake auna shi."

Har yau ban taɓa ɗora wa mutum tef ba. Tela ya yi, aikinsa ne. Ni ba na yi.

Saƙa kuwa maƙwabciyarmu ce ta koya mini, matar wani ma'aikacin reluwe. Da wayar keke muke yi, mu warware tsohuwar suwaitar gwanjo mu sami zare. Da na zo gida haihuwar fari, na saƙa hula ja, 'yar ƙarama, ina ɓoye ta a ƙarƙashin tabarma. Kakata ta gani.

"Ta wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ɗan fari kike wa hula? Ina kunyarki?"

Da hannuna na sa wa ɗan maƙwabta ita. Nawa kuwa aka naɗa masa tsumma a ka. Ban ji haushinta ba, ita ma haka aka yi mata. Amma ban manta hular ba.

To ga ni yanzu zan saƙa wa ɗan nan suwaita, ba zan iya tambayarsa ba, ba zan iya taɓa shi ba, ba zan ce wa matarsa ta auno mini ba, kar ta gane. Sai kwat. Wata uku ina saƙa, ulu mai ruwan toka, in na ji makulli in tura ta ƙarƙashin filo. Matarsa ta taɓa kama ni.

"Mama, wannan wane ƙaton ne?"

"Na wani ne."

"Wanin nan dai yana da sa'a."

Tana da baki, amma yarinyar kirki ce.

Ranar tafiya ta zo. Asabar ce da hantsi, ruwa na yayyafi, jakunkunana a bakin ƙofa, ƙanwarsa na ƙasa a mota tana jira. Na ɗora suwaitar a kan kujera, na ce wa matarsa, ba shi ba, "Wannan ta rage. A ba wanda ta yi wa daidai."

Ta ɗaga ta, ta dube ni, ta dube shi. "Doctor, try it."

Ya sa. Wuyan ya yi, jikin ya yi yawa, hannuwan kuwa sun wuce yatsunsa suna lilo kamar na mai rigar aro. Matarsa ta riƙe ciki tana dariya.

"Mama, ai kwat kika saƙa wa riga. Kwat ɗin nan cike yake da soso, kuma a kan kaya ake sa shi."

Ni ban san da soso ba. Rigar da na sani, girmanta girman mai ita ne. Na ji kunya ta rufe ni, na ce, "A cire. A ba masu bara."

Bai cire nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon hannuwan. Sannan ya zare ta, ya ninke, ya zo gabana, kusa fiye da yadda ya saba. Ya miƙe hannunsa na dama.

"Hajiya, ki auna. In kin gyara sai in zo in karɓa."

Motar ta yi hon a ƙasa. Na dubi ƙofa, ba kakata, ba uwar miji, ba kowa sai matarsa da ta daina dariya. Na ɗora babban yatsana a kafaɗarsa. Da ɗumi. Na tafi a hankali har wuyan hannu.

"Taƙi uku da yatsa biyu," na ce.

"Mama, mota na jira," in ji matarsa. "Ai ɗayan ma haka yake."

"Miƙo ɗayan," na ce masa.