Gonar da Muka Auna da Galma

Ana kiran sallar asuba muka fara taruwa a bakin ƙofar makaranta a Keffi, amma sai da gari ya waye tangararas bas ɗinmu ta motsa, don monitan ajinmu ya tsaya rabon riguna. Wasu riguna ne kore shar masu ƙyalli, irin na ma'aikatan titi, wai don mu fito da kyau a hoto. Ni dai da na sa tawa a kan hijabi sai na koma kamar mai ba motoci hannu a shataletale. Malamarmu ta ilimin tono kayan tarihi ta dube mu ta girgiza kai, ta ce mu shiga mota.

Wani ƙauye muka nufa bayan Gitata, garin su wani ɗan ajinmu. Shi ya ba Malama labarin cewa a gonar kakansa akwai kufai, inda mutanen zamanin da suke narka tama su fitar da ƙarfe. Aikinmu shi ne mu gani, mu auna, mu ɗauki hoto. A bayan mota akwai tef ɗin awo da damin turakun katako, kowanne an ɗaura masa jan ƙyalle.

Hanyar ba laifi, sai dai ramuka nan da can, direbanmu kuwa ya san kowanne kamar ɗan uwansa. Damina tana ban kwana, ko'ina kore, dawa ta yi kai, ga tulin doya a bakin titi. Abin da ya fi tsaya mini a ido shi ne allunan sayar da filaye. Kana wuce gona sai ka ga katanga da ƙofar ƙarfe a tsakiyar daji, ba gida ba mutum. A Gitata muka tsaya karin kumallo. Mai ƙosai tana ganin rigunanmu ta ƙara kuɗi, wai ai 'yan kwangilar Abuja ne. Sai da ɗan ajinmu ya yi mata magana da yaren Gwandara sannan ta sauko, har da gyara. Mun yi ta dariya, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Daga nan muka sauka kan jar hanya har ƙauyen. Muka gaida mai gari, wanda ya san da zuwanmu, muka ɗauki kaya muka yi jerin gwano zuwa gona. Monita ne a gaba da damin turaku a kafaɗa, yana tafiya kamar injiniya.

A bakin gonar muka tarar da kakan ɗan ajin namu, wani dattijo siriri da ƙaramin gicciye a wuya, ya dogara da galmarsa ta noman doya, ya tare hanya. Muka gaishe shi, ko kallonmu bai yi ba. Turakun nan kawai yake kallo. Jikansa ya durƙusa ya ce, "Kaka, 'yan makarantarmu ne da na gaya maka." Baba ya ce, "Ka ce mini masu karatu. Ba ka ce mini masu awo ba."

Ashe shekarun baya wasu mutane sun zo gonar ƙaninsa da irin rigunan nan, da tef, da turaku masu jan ƙyalle. Suka yi gaisuwa mai daɗi, suka kakkafa, suka tafi. Yau gonar tana cikin katanga, ƙanin kuwa aron gona yake yi. Wannan da muke tsaye a bakinta ita kaɗai ta rage wa gidansu. Wallahi sai na ji rigar nan ta yi mini nauyi. Na kalli ɗan ajinmu, idonsa ya kawo ruwa, ga kakansa ga malamarsa, ya rasa inda zai sa kansa.

Baba ya juya wajen Malama ya ce, "In kun samu abin da kuke nema, gona ta zama ta wa?"

Malama ta ce, "Taka ce, Baba, kafin mu zo da bayan mun tafi. Ban isa in yi maka alkawari a kan duk mai zuwa ba, amma mu ba za mu kafa ko tsinke ba. In ka ce mu koma, yanzu za mu juya."

Sai ta ce kowa ya tuɓe rigar ƙyalli, a mayar da tef mota, turaku kuma a ajiye su a tsakar gidan Baba inda matarsa za ta sa musu ido. Monita ya buɗe baki zai ce to da me za mu yi awo, ta harare shi ya haɗiye. Ta nuna galmar da ke hannun Baba ta ce, "Ga ma'auni nan. Mai gona ne zai auna gonarsa, mu namu rubutu."

Baba ya dubi galmar, ya dubi Malama, can sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya kauce daga hanya.

Jama'a, ban taɓa ganin awo irin na ranar ba. Baba yana kwantar da ƙotar galma yana ƙirgawa da ƙarfi, mu muna biye da biro. In monita ya yi kuskure sai ya ce, "Kai injiniya, buɗe kunne!" Sunan ya bi shi har yau. Mun ga gindin murhun narka tama, wani zagaye na ƙonanniyar laka, ja ta koma baƙa. Ga tsingaro birjik, wasu da zanen igiya a jikinsu. Duk hoton da muka ɗauka da galmar Baba a gefe, don a gane girman abu. Kafin azahar mata masu dawowa daga rafi da malaman firamaren garin sun cika wurin, kowa da abin da kakarsa ta taɓa faɗa masa game da maƙeran zamanin da.

Muna shirin tashi Baba ya ce mu biyo shi. Ya kai mu wani kwari a ƙarshen gona, ya yaye busasshiyar ciyawa. Tirƙashi! Tari guda na kashin tama, wato dattin da ke saura bayan an narka ta, baƙi mai nauyi, da bututan laka da ake hura wuta da su, wasu ko tsagewa ba su yi ba. Tun da aka ɗauke gonar ƙaninsa, duk abin da galma ta tono sai ya kawo nan ya rufe, kada wani ya gani ya ce wurin na gwamnati ne. Malama ta dafe ƙirji, don kwashewar ta ɓata mana sanin inda kowanne ya fito. Ta durƙusa tana shafa bututun nan kamar jariri. Aka yi shawara a nan take cewa ba abin da zai bi mu Keffi. Baba ya zaɓi guda biyu ya miƙa wa hedimasta a ajiye a firamare, yara su san kakanninsu sun yi ƙarfe da hannunsu.

Da muka isa gidan Baba, ƙamshin gasasshiyar doya ya tare mu tun daga zaure. Mama, matar Baba, ta dama manja da yaji, ta ce mu zauna. Muna ci monita ya waiwaya yana neman turakunsa, sai ga jajayen ƙyallaye a tare a gefen murhu. Mama ta ce, "Itacena ya jiƙe da ruwan jiya, ɗana. Naku kuwa a bushe yake." Baba ya yi dariya har da tari, mu ma muka kwashe, har monitan.

A mota muka ɗauko tef muka auna wata igiya da muka gwada tsawonta da ƙotar galmar, muka mayar da lissafinmu mita. Mun shigo Keffi ana kiran magariba, ƙafafu ja wur, ciki dam. Na tafi da tunanin tarihi yana ƙarƙashin ƙasa yana jiran mu tono. Na dawo na san cewa a samansa akwai mutum da doyarsa da tsoronsa, kuma sai ya yarda kafin ka ga komai. Da za mu taho Baba ya ce mu dawo bayan girbi, akwai wani wurin a kan dutse da bai nuna mana ba. Ya ce kada mu wahalar da kanmu da ɗauko ma'auni, galma tana nan.